Abin da Na Rufe Daga Babura Zuwa Gwiwa

Tashi daga Kazaure

Na tayar da mota ladan bai yi kiran farko ba. Motar ba tawa ba ce, ta wani Alhaji ce a nan Kazaure, ni tuƙi kawai nake. Irin mai shimfiɗaɗɗen bayan nan ce, ba bango ba rufi, katako ne a shimfiɗe da ƙugiyoyin ɗaure igiya gefe da gefe. Siminti nake ɗauka da ita, da rodi, da bulo, da taki in damina ta matso. Na haura shekara ashirin a wannan aiki. Abin da na tara a ciki shi ne ciwon baya da gwiwar da ke ƙara in na durƙusa.

Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Sunayen da ke cikin labarin nan ba na masu su ba ne, na canja su. Ƙauyen ma ba zan faɗi sunansa ba.

Ana yawan tambayata me ya sa masu kaya ke matsa mana sai mun rufe lodi da tamfol. Amsar da nake bayarwa a tasha ba ta da tsawo. Siminti in ya sha ruwa ya zama dutse. Taki in ya sha raɓa ya dunƙule. Yashi da ɓarɓashin bulo in iska ta ɗebe su, idon mai babur ɗin da ke bayanka za su shiga, kai ba ka ma san an yi ba. Kuma ɓarawo yana son ya ga abu kafin ya hau. Duk gaskiya ne. Amma ni na tsani tamfol. Ya fi buhun gero nauyi, sai ka hau ka ja, ka sauko ka ɗaure, ka zagaya ka sake ja. In ba hadari a sama, ba na warware shi sai an yi rigima da ni.

Ranar da nake ba ku labari tsakiyar bazara ce, sama fes, zafi tun kafin gari ya waye.

Wanda ya ba ni aikin wani mutum ne Haladu, daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, gidan masu shanu ne da suka zauna suna noma. Ya same ni a tasha ya ce ƙanwarsa Saude ce mijinta ya rasu a Babura, ta fita takaba, in je in kwaso ta da kayanta. Ya ce babbar mota yake so, don lokacin da aka kai ta mota cike aka yi, ubansu shanu ya sayar ya yi mata kayan ɗaki, har yanzu ana labarin a garinsu. Ya ce in buɗe ido in ga an ɗora komai, don shi tun farko bai ga abin da aka gani a jikin telan nan da ta aura ba. Shi zai ci kasuwar Gwiwa, in ya tashi zai tara samari su sauke.

Sallar asuba a wani masallacin bakin hanya na yi ta. Bayan mota wayam, sai tamfol a naɗe yana tsalle in na faɗa rami.

Babura

Rana ta ɗan ɗago na shiga Babura. Na tsaya wurin mai shayi, na sha na dubu ɗaya da burodi. Wani mutumin Nijar yana ta jayayya da shi a kan canjin sefa, ba wanda ya kula ni sai da na ambaci gidan marigayi Nuhu tela. Nan mai shayin ya ajiye ludayi ya nuna min lungun, ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin ya sha jinya.

A zaure wata tsohuwa ta tare ni, Iya Kande, yayar marigayin. Bayan mun gaisa na yi mata ta'aziyya, sai aka fara fito da kaya. Katifa ɗaya da ta lotsa a tsakiya. Akwatin ƙarfe. Turmi da taɓarya, tukwane uku, bokiti, tabarmi biyu, da ƙullin tufafi. Na tsaya ina jiran saura. Ba abin da ya ƙara fitowa.

Na ce, "Iya, ina sauran?"

Ta ce, "Su ke nan, ɗan nan."

"Wannan ai adaidaita ma ta isa. Me ya sa aka ƙona min mai tun daga Kazaure?"

Ta nuna min jikin katanga. Dammunan kara ne a jingine, da kwandunan tumatir wofi a kife, da kwalaye. Ta ce waɗannan zan fara jerawa su yi tsayi, in sa kayan a tsakiya, sannan in rufe da tamfol.

Na gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Na ce ba hadari. Na ce nan bakin iyaka ne, motar da ta fito Babura a rufe kowane shinge sai an tsayar da ita. Na ce tamfol yana son abu mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, in ka rufe iska da shi yagewa yake. Na ce ni direba ne, ba ɗan wasan kwaikwayo ba. Har na juya zan fita.

Sai na ji murya daga bayan ƙofar cikin gida, a hankali.

"Malam direba, ba ruwa nake gudu ba."

Saude ce. Ban ga fuskarta ba, gefen mayafinta kawai nake gani. Ta ce Malam Nuhu shekara biyu ya yi a kwance da ciwon ƙoda, ana kai shi Kano wankin ƙodar. Keken ɗinkinsa ya fara tafiya, sai filinsa. Da suka ƙare, ta kira dillaliya. Kujeru, sif, kwalla da samiru, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe gadon kwananta. Shi yana kwance a shago, ba ya iya shiga ɗakinta, ita kuma in ya tambayi inda kuɗin magani ya fito sai ta ce 'yan'uwa ne.

Ta ce, "Har ya cika bai san na taɓa ko cokali ba. In motar nan ta shiga garinmu a haka, ba wanda zai tambayi wa ya sayar. Cewa za a yi Nuhu ya cinye kayan matarsa. 'Ya'yansa maza biyu a nan za su zauna wurin baffansu, amma za su riƙa zuwa can hutu. Ba na so a nuna su da baki."

Sai na tambayi abin da ya dame ni: to in an je, ai dole a sauke. Iya Kande ta ce sun yi wannan tunanin. Yau kasuwar Gwiwa, mazan ƙauyen ba sa dawowa sai la'asar. In muka isa kafin azahar, in manna bayan mota da ƙofar zaure, mata biyu a gidan sun san zancen, za a shige da komai. Gari dai ya ga mota ta shigo da tsayi. Abin da ya rage kuma zancen mata ne, za a ce an kulle kayan a ɗaki ana ajiye wa 'yarta.

Ban ce na yarda ba. Na dai cire riga na hau mota.

Ban taɓa yin lodi mai wuya irin wannan ba. Tamfol ba ya ɓoye siffar abu, yana nuna ta. Sif yana da kusurwa, kara ba shi da ita. Sai na tsayar da dammunan a gaba, na kifa musu kwalaye a ka don su yi kusurwa. Kwanduna na jera su bibbiyu a kife. Akwai tsohon teburin da marigayi ke yanka yadi a kai, ƙafarsa ɗaya ta karye, na tsayar da shi a gefe ya yi kamar kan gado. Maƙwabta biyu suka taya ni jan tamfol. Wurin ɗauri ne matsala. In ka ja igiya sosai kwanduna su murƙushe, in ka sassauta iska ta shiga. Na yi tsaka-tsaki, raina bai kwanta ba.

Da na sauko na ja baya na duba, wallahi ni kaina sai na ga kayan ɗaki.

A gaban mota Iya Kande ta shiga tsakiya, Saude ta zauna bakin ƙofa da 'yarta ƙarama a cinya. Yaran maza suna makaranta, da gangan ta zaɓi lokacin. Matan lungun suka fito bakin ƙofofi suna share hawaye. Ita ba ta waiwaya ba, ƙafafunta take kallo har muka hau kwalta.

Shinge

Ba mu yi nisa da gari ba muka tarar da shinge. Abin da na faɗa ne ya faru. Motocin da ke buɗe ana ɗaga musu hannu su wuce, ni aka nuna min gefe.

Wani mai kaki, dogo, ya zo ya leƙo. "Direba, me ka lulluɓe haka da rana tsaka kamar gawa?"

Na ji Iya Kande ta ja numfashi. Na ce kayan ɗaki ne. Ya ce kowa haka yake cewa, jiya ma wani kayan amarya ya ce, aka tarar amaryar buhun shinkafa ce. Yana riƙe da siririn ƙarfen nan mai tsini da suke soka buhu da shi. Ya zagaya ya soka a gefe. Ƙarfen ya shige har hannunsa ya taɓa tamfol, bai gamu da komai ba. Ya zaro ya dube ni.

Ban ga laifinsa ba. Ni ma in nake wurinsa, wanda ya rufe wofi zan fi tuhuma. Ya ce in kwance baya. Na kwance. Ya sa aka sauke kwandunan baya ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya daddaki katakon mota ko akwai ɓoyayyen wuri, ya buɗe akwatin ƙarfen ya ga tsofaffin zannuwa. Ya tsaya a sama yana kallon katifar.

Ya ce, "To wa ake yaudara da wannan?"

Iya Kande ta sauko da kyar, ta kira shi gefe. Ban ji abin da ta gaya masa ba, na ga dai ta nuna gaban mota. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya dawo sai ya ce wa na ƙasa da shi su mayar da kwandunan yadda suka same su. Ba su iya ba, sai da na sake jerawa da kaina. Shi ya riƙe min bakin igiya har na ɗaure.

Lokacin da muka tashi, inuwar mota ta kusa shigewa ƙarƙashinta. Kuma ƙarfen nan ya bar huda a tamfol, kamar girman babban yatsa.

Komowa Kazaure

Na so in taka mota don mu rama lokaci. Da na ƙara wuta sai tamfol ya fara kiɗa a baya, bam, bam, kamar ganga. Iska ce take shiga ta hudar tana kumbura shi. Na rage. Saude ta ce ko za a ɗan ƙara, na ce mata in na ƙara za mu isa da katako kawai.

Saura kaɗan mu ga duwatsun Kazaure wata guguwa ta taso daga gonaki ta ratsa titi ta kanmu. Na ji ƙarar yagewa. Na duba madubi, kwando ɗaya ya fita yana gangarawa a kwalta. Wani mai babur da ke bayanmu ya kauce masa da kyar, ya zo saitina yana ɗaga hannu, ya ce in ban iya ɗaure kaya ba in koma gida in yi noma, saura kaɗan in mayar da 'ya'yansa marayu. Gaskiyarsa ce. Na ba shi haƙuri. Na bi kwandon cikin gona da wannan gwiwa tawa na ɗauko shi.

Yagewar ta kai tsawon gaba guda, wato buɗewar hannu biyu, a sama ta gefen hagu. Duk wanda ke kan babbar mota zai iya leƙawa ya ga kara. Na cusa tabarma ɗaya na toshe, muka lallaɓa muka shiga gari.

Akwai wani Bitrus a Kazaure mai ɗinkin rumfar adaidaita da kujerun mota, mutumin Filato ne amma ya fi ni daɗewa a bakin tasha. Na tsaya ƙofar shagonsa. Ya ce in sauke tamfol ɗin ya sa a keke, yanzu ya gama. Na ce ba za a sauke ba, nan hanyar mutanen Gwiwa ce, a sama zai ɗinke da hannu. Ya ce a wannan ranar? Ya ce shi ba ƙadangare ba ne. Na ce ya daina surutu ya ɗauko basilla. Ya hau kan gaban mota ya kwanta rubda ciki, ya zare tabarmar, ya leƙa.

"Idi, yau kuma iska kake kaiwa kasuwa? Nawa mudu?"

Na ce, "Ɗinka dai, arnen banza."

Haka muke da shi shekara da shekaru, shi ma yana da sunan da yake kirana. Amma da ya sunkuyo ya ga matan da ke gaban mota, da baƙin mayafin Saude, sai dariyar ta tsaya. Ya ɗinka da kirtani, ya ɗora faci a kai ya sake ɗinkawa. Yana yi yana tsine wa rana. Ya karɓi kuɗinsa cif, ya ce kada in wuce gudun keke.

Ana nan aka kira azahar. Ba wanda ya faɗa, amma duka mun san shirin ya lalace. Da na dawo daga masallaci na ce su zo mu kwana a gidana, ga shi nan kusa, gobe da sassafe mu ƙarasa. Saude ta ce gobe ba kasuwa, kowa yana gida. Kuma in ba mu isa yau ba Yaya Haladu zai hau babur ya biyo sawu. Iya Kande ta ce mu je kawai, Allah yana gani.

Roni

Daga Kazaure zuwa Roni tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, ranar sai da masu keke suka riƙa wuce mu a gangara. Duwatsu suna ta hucin zafi. Yarinyar ta yi barci, gumi ya jiƙa mata wuya. Tun safe ban ga Saude ta sa komai a baki ba.

Ni ba na iya riƙe magana. Na tambaye ta, da gidanku da shanu, me ya hana ki aika tun ana jinya?

Ta ce, "Da na aika, zuwa za su yi su ɗauke ni su bar shi."

Iya Kande ta ce ita ma sai bayan rasuwa ta shiga ɗakin Saude ta ga tabarma a inda gado yake. Ta ce Nuhu ƙaninta ne, ita ta goye shi, amma ba ta yi masa rabin abin da yarinyar nan ta yi ba.

A Roni na tsaya in duba igiya, na ce a kawo mana fura da nono. Mai furar ta miƙo ƙwarya ta taga, sai ta tsaya. Ashe 'yar ƙauyensu ce da ke aure a nan. Ta yi wa Saude ta'aziyya, suka yi ta gaisuwa rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Sannan ta ja baya ta ɗaga kai ta kalli lodin, ta ce masha Allah, kayan da Baffa, wato mahaifin Saude, ya yi suna nan kamar jiya aka kai su. Ta ce bari ta buga wa gida waya su san an taho.

Saude ta ce mata ta gode. Furar ta ba 'yarta, ita ko kurɓa ba ta yi ba.

Gwiwa da ƙauyen

Mun shiga Gwiwa kasuwa tana watsewa. Babura da kekuna da masu jan awaki duk sun cika hanya, kuma rabinsu inda za mu nan za su. Haladu na tsaye bakin hanya yana jira. Ya kalli tsayin lodin ya gyaɗa kai, ya gaida Iya Kande sama-sama, ya hau babur ya shige gaba. Haka muka bar kwalta muka shiga burji, shi a gaba, masu dawowa daga kasuwa a baya, kamar rakiya. Kowane rami na shiga ina jin kwanduna suna motsi.

Ƙofar gidan cike take. Dattawa a kan tabarmi, samari shida ko bakwai sun naɗe hannun riga. A tsakiya wani tsoho fari siriri a kan buzu, shi ne Baffa, ubansu. Idonsa ya yi rauni, abu dishi-dishi yake gani. Saude ta sauka ta durƙusa gabansa, ya dafa kanta, ta shige ciki da sauri. Amma na ga ba ta yi nisa ba, tana tsaye a duhun zaure.

Na yi ribas na manna bayan mota da ƙofa kamar yadda aka ce, ko da yake ba shi da sauran amfani. Samari suka nufo igiya. Na ce ba mai taɓa min ɗauri, ni na ɗaura ni zan kwance, kuma sai na yi la'asar na huta. Haladu ya ce rana na faɗuwa, Malam Idi, yaran nan suna da dabbobin da za su ɗaure. Bai jira ni ba, ya taka taya ya haye sama don ya kwance ta can.

Taku biyu ya yi. Na uku ƙafarsa ta nutse har gwiwa, tamfol ya lotsa da ita. Na ji kwando ya murƙushe. Daga ƙasa sai ka ce tuntuɓe ya yi. Wani saurayi ya yi dariya ya ce a yi hankali da madubin sif.

Haladu bai motsa ba. Ya durƙusa ya shafa tamfol da tafin hannu, nan, da can. Ya kama abin da ya yi kama da kan sif ya matsa, kwali ya lanƙwashe a hannunsa. Ya ɗago ya dube ni. Na kawar da kai. Ya juya ya dubi zaure. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa ya buɗe.

Sai tsohon ya ɗaga murya daga kan buzu.

"Haladu, kayan sun cika?"

Wurin ya yi tsit, don in Baffa na magana ba a sa baki. Sai Haladu ya amsa daga saman mota.

"Sun cika, Baffa."

Tsohon ya shafa gemu. "Alhamdu lillahi. Shekara biyu a kwance bai taɓa kayan matarsa ba. Yaron nan ya riƙe amana. Allah ya jiƙan Nuhu."

Aka amsa amin gaba ɗaya. Na Haladu ne ya zo daga baya, shi kaɗai, daga saman mota.

Ya zaro ƙafarsa ya sauko. Ya ce wa samarin su tafi, kayan fashewa sun yi yawa, ba za a sauke da duhu ba, kuma ba a gyara ɗaki ba. Suka watse suna murna.

Bayan magariba aka kawo min tuwon dawa da miyar kuka da man shanu a zaure. Ina ci Haladu ya shigo ya tsaya bakin ƙofar ciki ya aika a kira ƙanwarsa. Ko ya manta ina wurin, ko bai damu ba. Ya tambaye ta, Nuhu ne ya sa ta sayar da kayan? Ta ce bai sani ba har ya rasu, ga Yaya Kande nan a tambaye ta. Ya tambaye ta a kan me take kwana. Ta ce katifa ta ba shi, ita tabarma.

Ya ce, "Muna da shanu, Saude. Da kin faɗa."

Ta ce, "Da na faɗa, Yaya, cewa za ka yi in taho gida."

Bai ce ƙarya take ba. Ya tsaya nan ya jingina goshi da bango. Ita ta koma ciki. Na rufe kwanon na fita wurin mota.

Dawowa gida

A kan tabarma na kwana a gindin mota. Kafin kiran sallah Haladu ya tashe ni, mu biyu muka kwance. Kayan gaskiyar tafiya uku muka yi suka ƙare. Kara da kwanduna ya kwashe ya kai bayan garke, teburin marigayi kuma Saude ta aiko a shigar mata da shi. Da gari ya waye ya ce wa mutane direba ne ke sauri, shi ya sa muka sauke da kanmu. Ni ba malami ba ne, ban san hukuncin abin da muka yi ba. In da laifi a ciki, Allah ya yafe mana mu duka.

Na je na yi wa Baffa sallama, ya sa min albarka, ya ce na kawo kaya lafiya ba abin da ya fashe. Iya Kande za ta kwana biyu kafin ta koma. Saude ban sake ganinta ba, ta aiko min da ƙwaryar nono.

Haladu ya taya ni naɗe tamfol, shi a wancan baki ni a wannan. Da muka haɗu a tsakiya ya ce in hutu ya zo, in na samu lodin Babura, in taho masa da yaran nan maza. Na ce to.

Na biyo ta Roni ba tsayawa, na shiga Kazaure da hantsi. Na kai wa Alhaji mota, na taka zuwa gida. Maiɗakina ta kawo min ruwa, ta tambayi wane irin kaya ne ya sa na kwana a hanya. Na ce kayan ɗakin wata baiwar Allah ne. Ta ce da yawa? Na ce mota cike.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mutanen da suka ga abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗina a hanya suka yi shiru. Telan nan kuwa ban taɓa ganinsa ba, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.